Jika goma a wata: abin da tallafin Tibiri ya koya mana game da ƴaƴanmu



Da yawa daga cikinku kun tuna lokacin da ake kiran mata ƙofar mai gari sau ɗaya a wata, a ba kowace jika goma. Wasu sun karɓa da hannunsu. Wasu sun ga maƙwabta suna karɓa, su ba a rubuta sunansu ba. Yau kuma ana jin cewa taimakon da ke zuwa daga waje ya ragu. Saboda haka tambaya ta taso a gidaje da yawa: idan masu ba da tallafi suka janye, wa zai tsaya wa yaran talakawa?

Wannan darasi zai duba tambayar da natsuwa. Za mu ga abin da ya canza. Za mu koma ga wani aiki da aka yi a nan ƙasar Arewa, a Tibiri da Gesheme. Daga ƙarshe za mu ga abin da ke hannunku. Ku lura, Tibirin da muke nufi ita ce ta jahar Doso, wadda aka cire daga gundumar Dogon Dutsi a shekarar 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Akwai wata Tibiri ta Gobir kusa da Maraɗi, kada a haɗa su.

Me ya canza?

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙasar Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da wani sashe na taimakonsu. Bankin Duniya ya tsayar da biyan kuɗin ayyuka da yawa, sai a 2024 ya koma. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sanya takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya. Ku da kuke cin kasuwannin jihar Kebbi kun san yadda kaya suka yi tsada kafin a ɗage takunkumin a farkon 2024.

A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba.

A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa a duniya, daga baya ta rufe hukumarta ta USAID. Amurka tana cikin manyan masu sayen abincin da ake jinyar yara masu tamowa da shi. A watan Fabrairu na wannan shekarar kuma hukumomin Nijar suka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na ƙungiyar Kuros Ruj ya rufe ofisoshinsa.

Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan al'amura. Amma darasi ɗaya ya fito fili: tallafin waje yana zuwa da shawarar wasu, yana tafiya da shawarar wasu. Ba a tambayar uwar da ke Dumega ko Kore Mairuwa kafin a yanke. Shi kuwa yaro ba ya jiran a gama siyasa kafin ya ji yunwa.

Daga ina tallafin jika goma ya fito?

A 2004 ruwa ya yi ƙaranci, fara kuma ta ci gonaki. A 2005 aka shiga matsananciyar yunwa. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Abin mamaki shi ne Maraɗi tana cikin jahohin da suka fi noma. Hatsi yana kasuwa, amma talaka ba shi da kuɗin saye.

A 2010 yunwa ta sake dawowa, ta shafi mutum kusan miliyan 7. Sai hukumomi da masu ba da tallafi suka ga cewa jiran masifa ta auku kafin a kawo buhuna ba dabara ba ce. Gara a riƙa ba gidaje mafi rauni kuɗi kaɗan-kaɗan a kai a kai, don kada su sayar da akuya ko gona idan rumbu ya ƙare. A 2011 gwamnatin Nijar da Bankin Duniya suka kafa shirin da ake kira Filets sociaux da Faransanci, da kuɗi dalar Amurka miliyan 70.

Yadda aka yi a Tibiri da Gesheme

Ƙananan hukumomin Tibiri da Gesheme suna cikin wuraren farko da shirin ya shiga, tare da wasu na jahar Maraɗi. Kuɗin ba su isa kowane gari ba, don haka aka yi ƙuri'a a bainar jama'a don zaɓen garuruwa. A cikin garin da ya ci ƙuri'a, ma'aikata suka bi gida-gida da tambayoyi: mutum nawa ne a gidan, da me aka yi ginin, wace dukiya ake da ita. Da amsoshin aka lissafa gidajen da suka fi talauci.

Kowane gida da aka zaɓa ya samu jika goma a wata har wata 24, tsakanin 2013 da 2015. Ku yi lissafi a allonku: 10,000 sau 24 ya zama 240,000, wato jika ɗari biyu da arba'in. Mace ake ba kuɗin. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, galibi uwargida ce ke karɓa.

A wasu garuruwa kuɗi kaɗai aka bayar. A wasu kuma aka haɗa da faɗakarwa: taron gari sau ɗaya a wata, zaman mata cikin ƙananan rukuni, da ziyarar gida. Ana magana a kan shayar da nono zalla har wata shida, abincin yaro bayan wata shida, wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro, allurar rigakafi, takardar haihuwa, wasa da hira da yaro, da horo ba tare da duka ba. Akwai kuma garuruwan da ba su samu komai ba a wannan zagaye. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta rukunin uku.

Me bincike ya gano?

Masana biyu, Patrick Premand na Bankin Duniya da Oumar Barry na jami'ar Dakar, sun bi diddigin waɗannan gidaje. An buga sakamakon a 2022. Ga abin da suka gano a taƙaice.

Na ɗaya, kuɗin sun taimaki gidaje. Wani binciken da aka yi a kan garuruwan ya nuna abin da gida ke ci da kashewa ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Gidajen da fari ya shafa su suka fi amfana. Mata da yawa sun shiga adashi.

Na biyu, kuɗi kaɗai ba su canza yadda ake renon yara ba, ba su kuma kyautata girman ƙananan yara ba. Tukunya ta ƙaru, amma rabon ƙaramin yaro bai canza sosai ba.

Na uku, inda aka haɗa da faɗakarwa, reno ya gyaru. Yara suka samu abinci iri-iri fiye da da. Iyaye suka ƙara kula da lafiya, suka ƙara wasa da yaransu. Yaran suka ɗan fi natsuwa da iya zama da mutane.

Na huɗu, kuma wannan shi ne mai ɗaci: ko da aka haɗa kuɗi da faɗakarwa, tsawon yara da nauyinsu ba su ƙaru ba yadda aka yi fata.

Dole a faɗi na huɗun nan, domin gaskiya ce. Mai cewa kuɗi sun isa ya yi kuskure. Mai cewa wa'azi ya isa shi ma ya yi kuskure.

Me ya sa kuɗin ba su kai kwanon yaro ba?

Ku dubi gidajenku. Idan aka sauke tuwo, ana fara fitar da kwanon mai gida da na baƙi. Manyan yara suna haɗuwa a kwano ɗaya. Ɗan wata goma ba ya iya kokawa da yayyensa. Cikinsa ƙarami ne, yana bukatar ci sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan. Sau da yawa abin da yake samu shi ne fura mai ruwa-ruwa ko kunu tsararo. Ciki ya cika, jiki bai samu abin gini ba.

Sannan jika goma tana da masu jira da yawa: bashin mai kanti, magani, biki, kuɗin motar wanda zai tafi bida. Jariri ba ya magana, don haka shi ne na ƙarshe a layi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Yaron da ke shan ruwa marar tsabta zai yi ta zawo, abin da ya ci ya bi ta ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro yana kama shi kowace damana, ya shanye masa jini. Idan gidan likita yana da nisa, ko an je ba magani, ciwon kwana biyu ya zama na wata guda. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma shekara da shekaru kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita sun riƙa makara, magani ya riƙa yankewa. Waɗannan suna cikin dalilan da suka sa fiye da yara 4 cikin 10 a Nijar ba su kai tsawon shekarunsu ba.

Ke nan yaro yana bukatar abu uku a tare: abin hannu a gida, sanin reno, da aikin hukuma, wato ruwa, likita da makaranta. Murhu ba ya zama da dutse biyu.

Rigimar zaɓe

Kun san abin da rubuta suna yake haifarwa a gari. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nazarci rabon kuɗin tallafi a garuruwa daban-daban na Nijar. Sun tarar da zargi ya yi yawa: me ya sa aka ba wance aka hana wance, alhali duk talauci ɗaya ne? A wasu wurare, bayan ma'aikata sun tafi, sai a tattara kuɗin a sake rabawa kowa ya samu. A wasu gidaje miji ne ke karɓe kuɗin daga hannun mata.

Mutanen gari suna da hujja, domin zumunci abu ne mai daraja. Amma ku yi tunani: idan aka raba rabon marayu huɗu ga gidaje goma, kowa ya samu abin goro, marayun kuma suka kwana da yunwa. Maganin zargi shi ne a yi komai a fili. A karanta sunaye da ƙarfi a gaban jama'a. A faɗi dalilin zaɓe. A faɗi adadin kuɗi da watan da za su ƙare. A nuna inda mai ƙorafi zai kai kukansa.

Abin da ke saura bayan kuɗi sun ƙare

Wata 24 suna ƙarewa. Me ke saura a hannun mace bayan haka? An gwada amsa wannan tambaya a zagaye na gaba na shirin, a jahohi da dama har da Doso. Aka haɗa matan cikin ƙungiyoyin asusu, aka koya musu dabarun sana'a. Wasu aka ƙara musu jari na jika tamanin a dunƙule. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka nuna wa gari duka majigi a kan mace mai neman na kanta, aka tattauna da maza da dattawa, aka koya wa matan tsara buri da yin magana a gaban mutane.

Sakamakon ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a 2022. Dukan hanyoyin sun ƙara wa mata kuɗin shiga da abincin gida. Hanyar da ba ta da jari, wadda ta dogara ga ƙungiya da goyon bayan gari, ita ce ta fi riba idan aka kwatanta da abin da aka kashe a kanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Mata suna zuba kuɗinsu kowane mako, suna ba juna bashi, suna ware wani abu don ciwo da haihuwa. Daga Nijar wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Kafin shi ma muna da adashi, da gayya, da zakka, da habbanaye, inda ake ba mace aron akuya ta haifa mata ta mayar da uwar. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada a fahimci wannan a karkace. Asusun mata ba zai haƙa rijiyar famfo ba, ba zai biya malamin likita ba. Wannan haƙƙi ne a kan hukuma, kuma neman haƙƙi ba roƙo ba ne. Amma garin da ke da ƙungiya ya fi iya jure janyewar tallafi, ya kuma fi iya neman haƙƙinsa.

Ina amfanin karatunku a nan?

A shekarun da na yi ina zagaya azuzuwan yaƙi da jahilci, na sha ganin mace ta dangwala yatsa a takarda ba ta san adadin da aka rubuta ba. Ko an cuce ta, ko ba a cuce ta ba, ba ta da hanyar sani. Ranar da ta iya bambanta 10,000 da 1,000, ranar ta fara tsaron abincin ƴaƴanta.

A 2009 da 2010 ƙungiyar CRS ta buɗe azuzuwan manya a garuruwan jahohin Doso da Damagaram. A rabin garuruwan aka koya wa ɗalibai aiki da salula: rubuta lamba da aika saƙo. Waɗanda suka koyi salula sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi, domin suna maimaita darasinsu kullum. Salular da ke aljihunku allo ce. Ku yi aiki da ita.

Mai karatu a gari shi ne idon waɗanda ba su yi ba. Shi zai karanta jerin sunaye. Shi zai duba ranar allura a katin yaro. Ita za ta riƙe littafin asusu. Ita za ta rubuta wa magajin gari cewa famfo ya lalace tun wata uku.

Abin da za ku iya yi daga yau

A cikin gida:

1. Jariri ya sha nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Ke uwa, ki ci ki sha da kyau. Kai mai gida, ka rage mata aiki.
2. Daga wata 6, yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai. A yi masa kunu mai kauri, a sa garin gyaɗa ko na wake, da ɗan mai, da garin zogale. Idan da hali a ba shi ƙwai ko kifi. A ci gaba da ba shi nono har shekara 2.
3. Ku nemi a koya muku awon hannun yaro da zaren awo mai launi uku. Ana yi wa yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya. Rawaya gargaɗi ne, a kai shi a duba. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, haɗari ne: a kai shi likita a ranar. Haka ma idan ƙafafunsa biyu suka kumbura.
4. Idan aka ba yaro abincin gyaɗa na jinya mai suna Plumpy'Nut, magani ne. Kada a raba wa yayyensa, kada a kai shi kasuwa.
5. Da damana, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara wata-wata, a cika kwana uku na shan sa.
6. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa da wuri. Ba tare da ita ba, jarrabawar makaranta za ta yi masa wuya.

A cikin gari:

1. Ku san gidajen da suka fi rauni tun kafin baƙo ya zo da takarda: marayu, gwauraye masu yara, naƙasassu, tsofaffin da aka bar wa jikoki, da ƙananan almajirai.
2. A kaka, lokacin fitar da zakkar hatsi, ku tattauna da liman yadda za ta isa ga waɗannan gidaje. Ku ajiye wani abu a bankin cimaka don watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ke ƙarewa.
3. Ƙungiyar asusu ta ware kuɗin gaggawa don kai yaro likita da dare.
4. Idan wani shiri ya zo, ku yi tambaya huɗu: Nawa ne? Har yaushe? Yaya aka yi zaɓe? Ina ake kai ƙorafi? Ku rubuta amsoshin.
5. Kada ku ba kowa kuɗi don a rubuta sunanku. Tallafin gaskiya ba a sayen sa.
6. Ku tambaya a gidan likita abin da yake kyauta ga yara da masu ciki, da abin da ake biya. Ku karɓi rasit.
7. Ku tsaya wa ƴan mata su zauna a makaranta. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace har shekara 16. Yarinyar da ta yi karatu, gobe ita ce uwar da za ta karanta katin ɗanta.

Idan za ku kai kuka ga magajin gari ko shugaban gunduma, kada mutum ɗaya ya tafi. Ku tafi da mai gari, da shugabar mata, da takarda mai kwanan wata da adadi: yara nawa suka kwanta, kwana nawa ba magani. Magana tana bin iska, rubutu yana zama a kan tebur.

Ba mu da iko a kan abin da za a yanke a Washinton ko a Yamai. Tallafi zai iya dawowa, zai iya ƙara raguwa. Idan ya zo, ku karɓa da godiya da ido buɗe, ku tabbata ya kai kwanon ƙaramin yaro. Idan bai zo ba, abin da matan Tibiri da Gesheme suka koya yana nan a kansu, ba wanda zai dakatar da shi. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A gidanku, wa ke fara cin abinci, wa ke ƙarshe? Ƙaramin yaro yana da kwanonsa?
2. An taɓa rabon tallafi a garinku? Yaya aka yi zaɓe? Me ya kamata a gyara?
3. Idan mata 25 suka zuba dala ashirin-ashirin, wato 100, kowane mako, nawa za su tara a mako 52?
4. Ku rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga magajin gari a kan bukata ɗaya ta yaran garinku.